Kiran da Na Ƙi Amsawa a Rairayin Agadas

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka tun da na buɗi ido a duniya ban taɓa jin Inna ta kama sunana ba. "Ke" ce ni. Idan tana ba wata labarina a gidan biki, sai ta ce "waccan ta gidan Malam", kamar wata maƙwabciya da suka taɓa haɗuwa a bakin rijiya. Ƙannena kuwa gatsau take kiransu, balle autarmu, wadda har kirari take yi mata. Na san kunyar ɗan fari ba a kanmu aka fara ba, amma ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai tun ina yarinya. Ni kuma Allah ya yi ni da baki, magana ba ta kwana a cikina. Na sha ce mata, "Inna, in kin manta sunan ne ki faɗa, in tuna miki." Sai ta ɗaga muciya kamar za ta maka mini, ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

Ƙauyenmu yana kusa da Zakirai, kuma duk wanda ya san wajenmu ya san ba mu da daji. Inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta fara, layin gamba ne kawai a tsakani. In ka yi atishawa a gonarka, na gonar kusa ne zai yi maka addu'a. Ban taɓa jin an ce mutum ya ɓata ba, sai dai akuya, ita ma kafin la'asar wani ya koro ta. Mace in tafiya ta kama ta tana son kewayawa, ƙa'idar ɗaya ce, ta yi nisa har inda ido ba zai gan ta ba, kuma wannan nisan bai wuce bayan kargo ko tarin kara. Abin tsoronmu guda muna yara shi ne tsohuwar kukar bakin kududdufi. Inna ce da kanta ta kafa mini doka a kanta. Ta ce in almuru ya riske ni a waje na ji an kira sunana ban ga mai kira ba, kada in amsa, kada in waiwaya, in kama addu'a in yi gida, domin mutanen ɓoye suna aron muryar wanda ka sani. Na girma, na yi aure, na haifi 'ya'ya, amma dokar nan ba ta bar ni ba.

Autarmu ta auri wani ɗan kasuwar Agadas, wanda yake zuwa Dawanau sayen gero da wake. Muna ce masa Alhaji. Da ta haihu, an gama kaka, an cika rumbuna, sanyi ya sauko, kuma hanya ta yi mata nisa ta zo gida wanka. Sai aka yanke shawara mu je suna, ni da Inna, mai gidana Malam ya raka mu. Inna ba ta so ba. Kwana a gidan suruki ɗaya, ga tafiya a mota ɗaya da wani surukin, a wajenta ai azaba biyu ce. Son auta ne kawai ya ja ta.

Tsoro ya fara kama ni tun a hanya. Har Damagaram ina ganin gonaki, ko da yake sun fi namu tazara. Bayan Tanut sai ƙasa ta zama fayau. Ba rumbu, ba danga, ba jaki, ba hayaƙin girki ko daga nesa. Inna ta daɗe tana kallon taga, sannan ta sunkuyo ta raɗa mini, "Ke, tambayi direban nan, duk wannan gonar wa ce?" Na tambaya, direba ya yi dariya ya ce ta Allah ce. Ni ban yi dariya ba. Inna ta ciro carbinta ta yi ta ja har muka sauka.

Garin kam gani ya kori ji. Gidajen jar ƙasa, lunguna masu tsabta, ga hasumiyar masallaci ta ƙasa da itatuwa tsire a jikinta, daga ko'ina kana hango ta. Maƙera suna zaune suna ƙera azurfa, baƙi daga ƙasashe suna yawo da na'urar ɗaukar hoto a wuya, rana ta gasa musu hanci ya yi ja. Sanyin safiya kuwa ya fi namu mugunta, ruwan buta sai ka ce an jiƙa allurai a ciki. Inna tana da tari duk lokacin sanyi, can sai ya ƙaru.

Bayan suna Alhaji ya ce ba a zuwa Agadas a koma ba a ga rairayi ba, lokacin sanyi ne ma mutane suke tahowa daga uwa duniya don su gani. Ya riga ya ɗauko mota da direba Buzu wanda aikinsa ke nan, kai baƙi yawon buɗe ido. Inna ba ta iya kallon idon suruki ta ce a'a. Ta aiko ni in ce masa kada ya wahalar da kansa. Shi kuma ya ɗauka kara ce irin ta manya, ya ce ai ba wahala, mahaifiya ta fi ƙarfin haka. Auta ta ɗura mata kunun kanwa kofi guda ta ce ta sha saboda tari, muka bar ta da jaririnta muka kama hanya.

Mun yi tafiya mai nisa ba tsayawa. Muka wuce wasu duwatsu baƙaƙe da aka ce akwai zanen mutanen da a jikinsu, muka sauka muka gani, raƙumin dawa ne da shanu. Daga nan muka isa inda rairayin yake. Tuddai ne na yashi zalla, ja-ja, wani bayan wani har iyakar ganin ido, kowanne da kaifin baya kamar an yanka da wuƙa. Da kyau, ba zan hana shi kyansa ba. Akwai wasu motocin da suka riga mu, baƙi suna hawa raƙuma, wasu suna gangarowa daga saman tudu suna ihu kamar yara. Direbanmu ya shimfiɗa tabarma a gindin wata ƙaya, ya hura gawayi, ya ɗora shayi, ya kwaɓa fulawa ya binne a cikin yashi mai zafi ya ce gurasa ce. Rana ta yi daɗi, har Inna ta cire rigar sanyinta ta bari a mota. Ta zauna can gefe ta juya wa maza baya, ba ta ci komai ba, don ba ta cin abinci a gaban surukai.

Wajen la'asar na ga ta miƙe ta ɗauki buta. Na ce, "Inna, in raka ki?"

Ta harare ni ta ce, "Yarinya ce ni? Zauna."

Na zauna. Na bi ta da ido har ta kewaya bayan tudun farko. A daidai lokacin Alhaji ya ja Malam suka hau saman wannan tudun don su ɗauki hoto, wasu baƙin ma suka bi su. Ban kawo komai a raina ba, ina ta fama da gurasar direba mai gishirin yashi.

Muka yi sallah. Sauran motocin suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Na duba wajen da Inna ta zauna, ba kowa, sai takalmin da ta cire saboda yashi yana shige mata. Na kewaya bayan tudun, ba ta nan. Na ƙwala kira, sai na ji muryata ta faɗi a gabana kamar an jefa dutse a cikin gari. A gida in na yi irin wannan kiran, unguwa guda za ta fito. A nan ko tsuntsu bai tashi ba.

Na koma da gudu na gaya wa maza. Direba ya aje kofin shayinsa, ban ga alamar wasa a idonsa ba. Ya je neman sawu, amma baƙi da raƙuma sun tattake wurin tun safe, sawun ƙafa ba takalmi ya fi a ƙirga, kowa a nan ba takalmi yake yawo. Ya tambaye ni me take sanye da shi. Na ce riga da zane da mayafi. Ya dubi rana, ya dubi rigar sanyin da take kan kujerar mota, ya ce wa Alhaji a hankali, yana zaton ban ji ba, "Sai mu same ta kafin rana ta faɗi. Sanyin nan in ya sauka, tsohuwa ba bargo ba ta kai safe." Alhaji ya ciro waya, babu sabis ko ɗigo.

Suka rarrabu. Malam ya yi gabas, Alhaji ya yi kudu, direba ya bi tsakiya. Kafin su tafi direba ya tara busasshen itace ya kunna wuta, ya ce in zauna a wurin, in riƙa zuba ɗanyen ganye don hayaƙi ya tashi, in riƙa danna hon. Ya ce ko me zai faru kada in bar mota, ba ya son neman mutum biyu.

Na zauna ni kaɗai ina danna hon ina kuka. Motar ƙarshe ta baƙi ta riga ta tafi. Ina jin muryoyin maza suna "Inna! Inna!" suna yin nisa har suka ɓace. Inuwar tuddai ta fara tsawo tana rarrafowa wajena, iska mai sanyi ta fara shiga ta hannun riga. Babu irin tunanin da bai zo mini ba. Na ga kaina ina sauka a mota a ƙofar gidanmu da takalmin Inna a hannu, ƙannena maza sun fito suna tambaya ta ina na bar ta. Na tuna tarinta. Na tuna ba abin da ke cikinta sai kunu. Haushi ma ya kama ni, na Alhaji da yawonsa, na Malam da hotonsa, na wannan ƙasa da ba ta da ko kargo ɗaya da mace za ta fake.

Wannan tunanin ne ya buɗe mini ido. Inna ta kewaya bayan tudu, ta ɗaga kai ta ga surukanta tsaye a sama. Me za ta yi? Gaba za ta ƙara. In ta waiwaya ta sake hango kan mutum, ta ƙara gaba, har sai ta daina ganin kowa, kamar yadda ta saba a gida. Sai dai a gida in ka daina ganin mutane kana ganin rimi, kana ganin gonar wane. A nan in ka daina ganin mutane, shi ke nan. Kuma sai wani abu ya faɗo mini wanda ya fi wannan tayar da hankali. Waɗanda suke kiranta surukanta ne. Idan tana cikin wani halin da ba ta so su gan ta, wallahi Inna ba za ta amsa ba, ko da a kanta suke tsaye. Hali zanen dutse.

Na zuba sauran ganyen a wuta, na ɗauki rigar sanyinta da bargo, na karya dokar direba. Na bi ta inda na ga ta shiga, na ce zan riƙa waiwayen hayaƙi. Hawan yashi ba kamar hawan tudun gona ba ne, kana taku yana zame maka, numfashina har zafi yake. Na hau wannan, na gangara, na hau wancan. Ina kira, "Inna, ni ce! Ni kaɗai ce, ba maza!" Da na waiwaya a wani gangare sai ban ga hayaƙi ba. Kowane tudu kamar ɗan'uwansa. Rana ta zama ja ta taɓa ƙasa, sanyi ya sauko lokaci guda kamar an kwara mini ruwan randa. Shirun wurin ya yi yawa har ina jin bugun zuciyata a kunne.

A nan na ji an kira sunana.

Ba da ƙarfi ba. Murya ce siririya, a shaƙe, kamar daga ƙarƙashin ƙasa take fitowa, kuma ban iya gane ta wane gefe ba. Cikakken sunana na yanka, wanda ko Malam ba ya kira na da shi. Almuru ne, daji ne, ban ga kowa ba. Muryar tana kama da ta Inna, kuma wannan ne ya fi firgita ni, domin duk duniya in akwai bakin da na tabbata ba zai furta sunan nan ba, to nata ne. Na ce a raina, ga su nan, sun ari muryarta, amma ba su san halinta ba.

Na ƙame a tsaye. Na kama Ayatul Kursiyyu, na kai tsakiya na rikice na koma farko. Aka sake kira, a hankali, da jan ƙarshen sunan kamar mai lallashi. Na runtse ido. Ban amsa ba, ban waiwaya ba, yadda aka koya mini. Ƙafafuna suka fara ja da baya da kansu. Na rungume bargon nan a ƙirji, niyyata in juya in ruga duk inda Allah ya kai ni, kuma na san da na ruga ba zan sake gane wurin ba.

Sai na ji tari. Bayan tarin aka ce, da faɗa, "Ke! Kurma kika zama ne?"

Ban san lokacin da na saki ihu ba. Wannan kam ba aro ba ne. Na rarrafa zuwa bakin tudun da ke hagu na leƙa. Ta wancan gefen a tsaye yake kamar bango, kuma can ƙasa, a cikin wani kwari mai zurfi, ga Inna a zaune ta takure, buta a kife kusa da ita. Mayafinta da ɗankwalinta suna maƙale a tsakiyar gangaren inda hannunta ba zai kai ba. Na zauna na zame har ƙasa, yashi ya cika mini baki.

Jikinta kamar ƙanƙara, haƙoranta suna haɗuwa. Ƙafarta ta dama ta kumbura a idon sawu. Ta ce tana neman hanyar komawa ne bakin tudun ya rufta da ita. Zanenta ya yage har gwiwa, furfurarta a waje. Na sa mata rigar sanyi, na naɗe ta da bargo, na cire ɗankwalina na ɗaura mata, ina yi ina kuka ina faɗa, don ni tsoro in ya sake ni masifa yake zama.

Na ce, "Inna, ba ki ji ana kiranki ba? Ba ki ji hon ba?"

Ta ce, "Na ji. Mijinki ma ta can sama ya wuce, ina ganin hularsa."

"Kika yi shiru?"

"Yo in amsa masa a haka? Kaina a buɗe, zane a yage? Ke ma dai da wata magana."

Na ce, "To da kin mutu fa? Da wa zai wanke ki, ba a haka za a tsince ki ba?"

Ta kama hannuna ta riƙe gam. Ban taɓa sanin ta riƙe hannuna haka ba, har na ji ƙasusuwan yatsunta.

Na hau na ciro mayafinta, na tsaya a saman tudun ina kaɗa shi ina kururuwa da duk ƙarfina. Direba ne ya fara hango ni a sauran hasken da ya rage. Ashe ba mu yi wani nisa da mota ba, tuddai ne suka rufe. Kafin su iso na koma ƙasa na gyara mata zane, na rufe ta ruf, sannan ta yarda su matso. Ko a haka da ƙyar ta bari Alhaji da direba suka ɗauke ta a cikin bargo, fuskarta a lulluɓe. Malam kuwa, da ya ji ta inda ya wuce, ya zauna a yashi ya dafe kai ya daɗe bai tashi ba.

A mota na zauna a baya na rungume ta, an kunna mata ɗumi, direba ya ba ta shayi mai zafi, ta juya baya ta shanye. Da na ji rawar jikinta ta lafa, na sa baki a kunnenta na ce, "Saura kaɗan in gudu in bar ki. Na ɗauka mutanen ɓoye ne. Ina zan san bakinki ya iya sunan nan?"

Ta ja bargon ta ƙara rufe kanta. Sannan ta ce, ƙasa-ƙasa yadda maza ba za su ji ba, "Kullum sai na faɗe shi a addu'a bayan sallar asuba, tun ranar da aka raɗa miki. Sai dai ba ke nake gaya wa ba."

Na kifa fuskata a bargon na yi ta kuka har fitilun gari suka bayyana.

Mai ɗori ya gyara ƙafar, muka ƙara kwanaki kafin mu dawo. A gida mata suka cika tsakar gida suna tambayar labarin Agadas. Inna ta ba su labarin jariri, da hasumiya, da tsadar tumatir, ta ce ƙafar kuma tuntuɓe ta yi. Ta ce ƙasa ce mai kyau amma ba a noma ta. Ni dai har yau ban son ganin hoton da Malam ya ɗauka a saman tudun nan, kuma in ina gidanmu almuru ya yi ban gan ta a tsakar gida ba sai na bi ɗaki-ɗaki ina leƙawa.

Ba ta sake kama sunana ba, ni ma ban sake tsokanarta a kai ba. Ranar da muka dawo, baƙi sun watse, ina shara a bakin ɗakinta, na ji ta daga ciki ta ce, "Ke, miƙo mini butar nan."

Na ce, "Na'am, Inna," na aje tsintsiya na kai mata.